Filasha ɗaya babba ko ƙanana biyu? Amsa ga wata mai hoton biki a Gombe

Assalamu alaikum Kawu. Ni mace ce, shekarata 26, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki, galibi ɓangaren mata: sa lalle, kamu, wuni, wani lokacin har dina. Kyamarata Canon 700D ce ta hannu, da lens ɗin da ya zo da ita da kuma 50mm. Watan jiya na yi wani aiki da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. An yi kamu a falo bayan magariba, aka ɗauke wuta, injin gidan ƙwan fitila biyu kawai aka jona masa. Na ɗaga ƙaramar filashar da ke kan kyamara na yi ta ɗauka. Hotuna suka fito fuskar amarya fari fat kamar an baɗa mata toka, bayanta baƙi ƙirin, ƙawaye ba a gane kowa. Uwar amarya ta ce ba za ta ba ni cikon kuɗina ba, ni kuma ban iya buɗe baki ba. Yanzu na kwashi adashina, Mamata ta ƙara mini rance. Wani abokin sana'a ya ce in zuba duka in sayi babbar filasha Godox AD200Pro guda ɗaya, wai duk abin da bai kai shi ba kayan yara ne. Mai kayan da nake magana da shi a Kano ya ce kuɗin za su kai, amma ba canji. Ya kuma nuna mini wasu ƙanana masu arha da ba sa buƙatar rediyo, wai da sun ga haske suke tashi. Ina da biki biyu a watan gobe, ɗaya a cikin gari, ɗaya a Kumo. Kawu me zan saya? Ina tsoron in sake jin kunya, ina tsoron in ɓatar da kuɗin Mama.

Wa alaikumus salam 'yata.

Kar ki sayi AD200Pro ɗin nan yanzu. Kar kuma ki sayi masu tashi da ganin haske. Ki sayi ƙananan fitilun filasha Godox TT600 guda biyu, da tiriga X2T mai harafin C a ƙarshe, wato 'yar na'urar da ake ɗorawa a kan kyamara tana tayar da fitilu ta rediyo, sauran kuɗin ki zuba a ƙafar ɗora fitila, laimar tausasa haske da batir. In kin tsaya a nan kin riga kin samu amsa. Amma tunda kuɗin uwa ne a ciki, ya kamata ki san dalili, don in abokin sana'ar nan ya sake yi miki dariya ki san abin da za ki ce a ranki ko da ba ki furta ba.

Mu fara da hoton da ya ba ki kunya, domin shi ne zai faɗa mana maganin da kike buƙata. Ƙarancin haske ba shi ya ɓata miki aiki ba. Dubi fuskar amarya: hasken ya yi mata yawa ma. Abin da ya faru shi ne hasken ya fito daga wani ɗan gilashi da bai fi ɗan yatsa ba, wanda ke zaune daidai saman lens, ya tafi gaba ɗaya ya daki fuska ya dawo ta hanyar da ya je. Ba inuwar da za ta fitar da hanci da kumatu, sai fuska ta zama faranti. Wasu hodojin da masu kwalliya ke gama aiki da su kuwa suna mayar da irin wannan haske kamar madubi, a ido ba a gani, sai an buga filasha kai tsaye su fito fari. Ga tokar da kika gani. Baƙin bayan kuma lissafi ne da ba ya canzawa: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Amarya tana mita ɗaya daga gare ki, ƙawaye suna mita uku, abin da ya kai gare su kashi ɗaya cikin tara ne na abin da ya same ta. Kyamara ta auna amarya, ta bar ƙawaye a duhu.

To ki duba, a cikin waɗannan cututtuka biyu wanne ne ƙarin ƙarfi zai warkar? Babu. Da a ce kin ɗora fitila mai ƙarfin AD200 a daidai wurin nan, toka ce dai za ta ƙaru. Maganin shi ne a raba fitila da kyamara, a kai ta gefe, a ɗaga ta sama da kai, a faɗaɗa hasken da laima. Wannan kuwa ƙaramar TT600 tana yin sa a falo ba tare da ta kai ko rabin ƙarfinta ba.

Ban raina AD200Pro ba. Ina da ita, ina kuma son ta. Ƙarfinta 200Ws ne a ma'aunin ƙarfin walƙiya, wajen ninki uku na irin su TT600, batirinta na litiyam yana bugun cikakken ƙarfi kusan 500 kafin ya ƙare, tana zuwa da kai biyu. Kayan aiki ce ta gaske. Sai dai mai kayan ya gaya miki gaskiya a cikin kalma biyu: ba canji. Ita AD200 ba a ɗora ta a kan kyamara, ba ta da ƙafar da za ta zauna a wurin. Dole sai da tiriga, sai da abin ɗorawa, sai da laima ko akwatin tausasa haske. In kin ƙarar da kuɗi a kanta, kin sayi doki ba sirdi ba linzami. Ki ce ma kin yi rancen ƙari kin haɗa waɗannan. Kina da fitila ɗaya tak, a sana'ar da ba a cewa a sake. Mai ɗaukar hoton kanti in fitilarsa ta mutu zai ce a dawo gobe. Ke fa? Za a sake feshe amarya da turare don ke? Za a sake shigo da ita? Ranar da yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar fitilar nan ta kifa a kan tayil, aikinki ya ƙare a wurin, kin koma kan ƙaramar filashar da ta jawo miki wannan wasiƙa. Kuɗin AD200Pro ɗaya yana sayen TT600 huɗu ko biyar. Ke biyu kike buƙata, kuma ta biyun rabin amfaninta shi ne ta zauna tana jiran ranar da ta farko za ta ƙi tashi.

Su kuma masu tashi da ganin haske, irin su Neewer TT560 da danginta, bari in ba ki labarin da na biya kuɗinsa da zufata. Shekarun baya a wata dina a Bauchi na kafa irin waɗannan guda biyu a kusurwoyin ɗakin taro, na gwada kafin mutane su zo, komai lafiya lau. Da aka fara shigowa sai ga mai hoton dangin ango da tasa filashar a kan kyamara. Duk bugun da ya yi, nawa biyu su amsa masa. Ni in na danna, suna can suna caji, sai hotona ya fito duhu. Shi yana duba bayan kyamararsa yana murmushi, bai san daga ina alherin ke zuwa masa ba. Kafin a yanka kek batir ɗina sun ƙare a aikin wani. Idon da ke jikin waɗannan fitilu bai san mai gida ba, duk walƙiyar da ya gani tasa ce. A waje kuma cikin rana ko taki walƙiyar ba ya gani sosai. A ɗakin hoto inda ke kaɗai ce suna da amfani. A biki araha ba ta ado.

Abin da ya sa na ce TT600 ba don ita ce mafi kyau a duniya ba. Akwai rediyo mai 2.4GHz a cikinta, tana karɓa tana kuma aikawa. Daga tirigar da ke kan kyamararki za ki ƙara mata ƙarfi ko ki rage, daga cikakke har zuwa 1/128, wato kashi ɗaya cikin 128 na ƙarfinta, ba sai kin ratsa taron mata kin sauke ƙafa kin danna ba. Kuma rediyon nan ɗaya ne da na duk gidan Godox: TT685, V860, V1, AD200, AD600, duk tiriga ɗaya ce ke tuƙa su. Wato ranar da Allah ya hore kika sayi AD200 ɗin, ba abin da za ki zubar. Ƙananan su koma hasken baya da na gefe. Wannan ne ainihin abin da kike saya da kuɗin Mama, gidan da za ki ci gaba da gini a ciki. Yongnuo YN560 IV ma fitila ce mai aminci, ta yi wa mutane da yawa aiki, amma rediyonta daban yake, ba ya jin yaren Godox, kuma yawancin abokan sana'ar da za ki ara ko ki yi haya a wurinsu Godox ke hannunsu. Kar ki haɗa gida biyu.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: in tirigar ta lalace ko batirinta ya mutu, ki ɗora TT600 ɗaya a kan kyamara ki mayar da ita mai aikawa, za ta tayar da 'yar'uwarta. Kin ga duk abin da ya mutu a cikin ukun nan, kina da hanyar ƙarasa biki.

Ita tiriga ki kula da harafin ƙarshe. C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, F na Fuji. In kaya sun iso a motar Kano, kafin ki ce wa mai kayan sun iso lafiya, harafin nan za ki fara dubawa a jikin kwali da jikin tirigar kanta. Ga masu karatu da ke riƙe da Canon 4000D ko 250D, da wasu 2000D: ku leƙa mazaunin filasha a saman kyamara, za ku ga babu babban ƙarfen tsakiya, don haka TT600 ba za ta tashi a kai kai tsaye ba, sai ta hanyar tirigar da aka tabbatar tana aiki da wannan kyamara. Ke taki 700D ba ta da wannan matsala.

Za a ce miki TT600 ba ta da TTL, wato ba ta auna haske da kanta, da hannu ake saita ta. Gaskiya ne. A aikinki ban ɗauke shi babbar asara ba. Fitilar da ke tsaye a kan ƙafa, amarya na zaune a kujera ɗaya, nisan bai canza ba, me za a yi ta aunawa? Ki saita sau ɗaya, hoto ɗari su fito iri ɗaya, gyara a kwamfuta ya zo da sauƙi. TTL ma yana da nasa rikicin a bikinmu: ya ga farar shadda ya rage haske, fuska ta yi duhu, ya ga baƙar abaya ya ƙara, fuska ta ƙone, ya ga leshi mai duwatsu yana walwali ya rikice. Inda yake da rana shi ne lokacin da kike tafiya da baya a gaban amarya ana shigo da ita, nisa na canzawa kowane taku. Don wannan, sayenki na gaba, bayan kin biya Mama, ya zama TT685 II ko V860III a kan kyamara. Ba yanzu ba.

Yanzu batir, wanda shi ne ke kayar da mutane fiye da fitilar kanta. TT600 tana cin AA guda huɗu. Da batir masu caji na kirki tana bugun cikakken ƙarfi wajen 230, tana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu da rabi tsakanin bugu da bugu. A 1/8 kuwa, inda za ki fi zama, kusan nan take take dawowa, kuma saiti ɗaya zai kai ki nesa. Ki nemi Eneloop na Panasonic, guda 16, a wurin wanda kika yarda da shi, domin jabunsu sun cika kasuwa. Takwas a cikin fitilu, takwas a jaka, ki kuma tuna tiriga ma tana cin guda biyu. Ki rubuta wa kowane huɗu alama da maka, A, B, C, D, su riƙa aiki tare ana cajinsu tare. Caja ki sayi mai kula da kowane batir daban, in da hali mai shiga USB, don ranar da aka kwana ba wuta ki jona ta a fawa bank ko sola. Masu son litiyam za su ce V850III ta fi, batir ɗaya, caji ɗaya, saurin dawowa. Ba su yi ƙarya ba. Amma in batirinta ya ƙare a Kumo da ƙarfe tara na dare, babu shagon da zai sayar miki da irinsa. AA kuwa ko kemis za ki samu alkalin (alkaline, irin wanda ba a caji) da zai fitar da ke kunya. Ban da batirin tocila mai arha, wannan ba zai ba ki bugu na kirki ba. Kuma duk alkalin da kika sa, ki cire shi da kin dawo gida. In ya kwana biyu ya tsiyaye a ciki ya cinye ƙarafan.

Zafi ma ki sa shi a lissafi, musamman Maris da Afrilu na Gombe. Littafin TT600 da kansa ya ce kar a yi bugun cikakken ƙarfi fiye da 30 a jere, in an yi a bar ta ta huta minti goma. In kin matsa mata za ta ja da baya da kanta, ki danna ki jira, ki danna ki jira, daidai lokacin da ake liƙi. Dabarar ita ce kar ki kai ta can. Ki ɗaga ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, zuwa 400 ko 800, 700D tana ɗauka ba tare da hoto ya lalace ba, sai fitila ta zauna a 1/8 ko 1/16 tana aikinta cikin sanyi.

Bari mu koma falon da aka yi kamun nan, mu sake ɗaukarsa. Kin shigo, an ɗauke wuta, inji na ƙara a tsakar gida. Ki kafa ƙafa ɗaya a gefen hagunki, kamar taku biyu daga amarya, fitila ta ɗara kanta tsawo tana kallon ƙasa kaɗan, farar laima a gabanta. Kyamara a M, wato saitin hannu: ISO 400, gudun shota 1/100 na daƙiƙa, buɗin lens f/4, ƙarfin fitila 1/8. Ki ɗauki ɗaya ki duba. Fuska ta yi haske da yawa, ki rage fitila daga tiriga. Bango ya yi duhu, ki rage gudun shota zuwa 1/50, domin shota hasken ɗaki take tarawa, ba ruwanta da walƙiya. Ita walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da motsi. Na zaɓi 1/50 da 1/100 da gangan: wutarmu 50Hz ce, wasu ƙwayayen LED suna ƙyaftawa da ita, waɗannan lambobi biyu su suka fi kauce wa ratsi da canjin launi. Fitila ta biyu ki juya kanta ga silin ko farin bango a bayan ɗaki, a 1/16, sai ƙawaye su fito daga duhu. In silin ɗin farin POP ne kin huta, ko laimar ma ba dole ba ce. In na roba ne mai launin katako ko kore, kar ki buga masa, zai shafa wa kowa launinsa a fuska. Haka rumfar haya mai ratsin ja da shuɗi.

Lalle kuwa, wanda shi ne abin da amare suka fi turawa a waya, ki sa 50mm, ki kawo laimar kusa da hannun ta gefe. Za ki ga zanen ya fito da kaifi, zobe da awarwaro suna ƙyalli ba su ƙone ba. Hoto biyu irin wannan sun isa su kawo miki aiki na gaba.

Hoton dangi shi ne inda lissafin nisan nan zai dawo ya yi miki aiki maimakon ya cuce ki. Layi biyu ko uku na gwaggwanni da innoni. In fitila tana mita ɗaya daga layin gaba, mita biyu daga na baya, na baya sun samu kwata. Ki ja ta baya zuwa mita huɗu: layin baya yana mita biyar, yana samun kusan kashi biyu cikin uku. Sai ki sa duka biyun, ɗaya dama ɗaya hagu kusa da ke, a sama, buɗi f/5.6 ko f/8, ƙarfi rabi. A ɗakin dina kuma ki cire laima, ki kai fitilu kusurwa biyu a ɗage sosai, suna kallon filin rawa. Fitilun diije masu shuɗi da shunayya su zauna a bango su yi ado, fuska kuwa hasken filasha ne zai wanke ta. Kafin a fara ki canza tashar rediyon tiriga da fitilu. Akwai 32, amma kusan kowa a kan ta ɗaya yake barin tasa yadda ta zo daga kwali, in wani mai Godox ya shigo za ku yi ta tayar wa juna fitila. Ki zaɓi wata can sama, ki saita duka uku a kanta tun daga gida.

Akwai inda abokin sana'arki yake da gaskiya, ba zan ɓoye miki ba. Rana tsaka a fili. A ISO 100, shota 1/200, wanda shi ne iyakar gudun da 700D ke tafiya daidai da filasha, rana tana neman wajen f/11. Lamba 60 da aka rubuta a kwalin TT600, wadda ake rabawa da lambar f a samu nisan da haske zai kai, a zum 200mm aka auna ta, wato an matse hasken wuri ɗaya. In an buɗe hasken ya rufe mutum biyu tana faɗowa wajen 36 ko ƙasa. Raba 36 da 11, kin samu mita uku, da cikakken ƙarfi, ba laima. Ki sa laima, abin ya ragu sosai. Akwai HSS, wato bin shota mai gudun da ya wuce 1/200, da tiriga ke ba ta damar yi, amma yana cinye ƙarfi mai yawa. To a nan AD200 ta fi ta, ba gardama. Amma ki lissafa aikinki: lalle a ɗaki, kamu a falo ko tsakar gida da yamma, dina da dare. Ɗaurin aure a ƙofar masallaci da hantsi ba ke ake kira ba. In an nemi hoton ango da amarya a waje, ki sa musu lokaci bayan la'asar, ko ki kai su inuwar darbejiya ko baranda, TT600 ta isa har ta yi yawa. In kuma wata ta kafe sai tsakar rana, ki yi hayar AD200 na wuni ɗaya, tirigarki za ta tuƙa ta, ki sa kuɗin hayar a cikin farashi.

Ƙafa kar ki yi mata rowa. Wadda ta kai mita biyu ko fiye, mai kauri. Mariƙin da ake kira S2 ya fi ƙaramin nan mai kama fitila ta ƙafarta, domin shi jikinta yake runguma, in an faɗi ƙafar roba ba ta karyewa, kuma gobe zai ɗauki AD200 da akwatin haske. Laima a waje lokacin hunturu jirgin iska ce. Na taɓa juya baya don gyara wa ango hula, ban ji komai ba sai ƙas, fitila na ƙasa, laima ta yi gaba. Ki ɗinka ƙaramin buhu ki cika da yashi, ko ki rataya jakarki a ƙafar. Mafi kyau duka ki tafi da ƙanwarki ko wata yarinya da kike koya wa, ta riƙe, ta tare yara, ta matsar in kin yi mata ido. A ɗakin mata wannan ya fi ki tafi da namiji a tsaya ana neman mayafi. Ki ware mata ɗan abin sabulu a kowane aiki.

In mai kayan ya ce yana da TT600 na hannu, ba laifi in za ki gani da idonki ko wani amintacce ya duba miki. A buɗe ɗakin batir, in da fari-fari ko kore-kore a ƙarafa a bar ta. A duba ƙafa ko ta tsage. A leƙa gilashin gaba, in ya yi baƙi ko ya narke an wahalar da ita. A buga cikakken ƙarfi sau biyar ana ƙirga dawowarta, a juya zum a ji motsinsa, a tayar da ita da tiriga daga nesa. Bambancin kuɗin sabuwa da ta hannu a wannan fitila ba shi da yawa, ni da sabuwa zan tafi. In ta lalace kuma kar wani mai gyaran rediyo ya ce ki buɗe ku gani. Akwai kafasita a ciki mai riƙe wuta wajen volt 300 ko an cire batir.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kaya su iso da aƙalla mako biyu kafin bikin farko. Kowane dare bayan isha'i ki zaunar da ƙanwarki a falo, ki kashe wuta, ta sa farin mayafi yau, baƙi gobe, mai duwatsu jibi. Rana ɗaya ki kira mai kwalliya ta yi mata cikakkiya, ki ga yadda hodarta ke amsa haske. Ki riƙa rubuta lambobin da suka yi kyau a takarda ki manna a jikin jaka. Abin da nake so shi ne hannunki ya san maɓallan tiriga a duhu, ba ki tsaya kina haska waya a gaban surukai ba.

Saura uwar amarya. Ba ki tambaye ni ba, amma na ga abin yana cin ki fiye da maganar fitila. Gombe ba ta da girman da za ki bar wannan magana ta yi ta yawo a gidajen biki ba ki tare ta ba. Kar ki je neman ciko. Bayan kin yi makonki biyu na gwaji, ki shirya ki je gidan, ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce Hajiya aikin nan bai yi ba, laifina ne, ina neman alfarma ɗaya. Ki roƙa a ba ki awa ɗaya a ɗakin amarya, ta sake sa kayan kamun, in ƙawaye biyu-uku za su samu zuwa su zo, ki ɗauke su kyauta, ki wanke manya guda biyu ki sa a firam ki kai da kanki. Kamun ba zai dawo ba, kar ki yi kamar zai dawo. In ta ba ki cikon daga baya ki karɓa ki yi godiya, in ba ta bayar ba kar ki tayar da maganar. Kuma ko hotunan sun yi kyau yaya, kar ki sa ko ɗaya a Instagram sai amarya da mijinta sun ce ki sa.

Mama kuma ki zauna da ita tun kafin ki tura wa mai kayan ko sisi. Ki nuna mata jerin abin da za ki saya da abin da zai rage, ki mayar mata da ragowar a ranar, ki gaya mata cewa daga kafin alƙalamin bikin Kumo za ki fara biyan sauran.